Kujerar yaro ta yi masa kaɗan, maigida ya ce a sayi ta gwanjo

Assalamu alaikum Anti. A Kaduna nake da zama. Yarona na fari watansa 16, a awon da aka yi masa kwanan nan nauyinsa kilo 10 da rabi, tsawonsa santimita 80. Tun haihuwa muke sa shi a 'yar kujerar mota ta jarirai mai mariƙi, wadda yayata ta aiko mini. Yanzu ƙafafunsa sun zarce, har suna tokarar kujerar motar, ga shi kuma ina da ciki wata 5, mai zuwa zai buƙaci kujerar. Maigida ya ga wata babba a wurin masu kayan gwanjo, irin wadda yaro ke zama a kai a ja masa bel ɗin mota, mai kayan ya ce za ta kai shi har firamare. Hajiyarsa kuwa cewa take duk ɓarnar kuɗi ce, ita a cinya ta yi renon nata, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. In Allah ya kai mu Sallah, Funtuwa za mu tare da ita. Motarmu Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Amurka. Ba na son in ja da mijina a gaban mahaifiyarsa, amma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya raya miki yaron.

Kujerar da maigida ya gano ba ta yaronki ba ce, ko da a ce sabuwa ce dal a ledarta. Irin wannan, wadda ake kira busta, ba ta riƙe yaro da kanta. Aikinta kawai ta ɗaga shi sama don bel ɗin manya ya bi ta kan kafaɗarsa da cinyoyinsa maimakon wuya da ciki. An yi ta ne domin yaron da ya kai santimita 100 ko kilo 15 zuwa sama, wanda kuma ya yi hankalin da zai zauna cak ba tare da ya zame ƙasa ko ya zare hannu daga bel ba. Wannan yaro ɗan shekara huɗu ne ko biyar. Naki ko yaye bai gama mantawa ba. Mai kayan bai yi ƙarya ba da ya ce za ta kai shi firamare, abin da bai faɗa ba shi ne shekarun da ke tsakanin yau da ranar da za ta fara yi masa daidai.

Abin da ya kamata ku saya ita ce kujera mai maɗauri nata na kanta, mai kama yaro ta wuri biyar (kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu), wadda ake iya kafa ta tana kallon baya yanzu, a juya ta gaba nan da wasu shekaru. Kuma ki ci gaba da sa shi yana kallon baya. Nan ne za ki sha surutu, don haka bari in tsaya a kai ki samu abin faɗa.

Dubi ɗanki in yana tafiya, ki ga yadda kai ya rinjayi jiki. Jariri kansa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, babba kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Wuyan da ke ɗauke da wannan kan bai ƙosa ba, ƙasusuwansa da sauran guringuntsi. Mafi yawan munanan haɗurra ta gaba suke zuwa: mota ta daki wani abu, ta tsaya nan take, duk abin da ke ciki ya ci gaba da tafiya. In yaro yana kallon gaba, maɗauri zai riƙe ƙirjinsa, kai kuwa babu mai riƙe shi, sai ya fizgu gaba da dukan nauyinsa, wuya ne zai biya. In yana kallon baya, bayan kujerar ne zai tare kai da wuya da gadon baya lokaci guda, kamar yadda kike tallafe ƙeyar jariri da tafin hannu in za ki tsoma shi a ruwan wanka. Wani likita ɗan Suwidin, Bertil Aldman, ya ƙera irin wannan kujera a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine don bayansu ya ɗauki ƙarfin tashin kumbo. Har yau a Suwidin yara na kallon baya har wajen shekara huɗu, ba wanda yake ganin abin a matsayin baƙo. Ƙa'idar gwajin kujeru ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta hana juya yaro gaba kafin wata 15. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma ɗanki da ƙyar ya tsallake shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a da cewa take sai shekara biyu. A 2018 ta cire maganar shekaru, ta ce a bar yaro yana kallon baya har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da kujerarsa ta yarda.

Maganar ƙafafu kuwa, kada ta dame ki. Ƙafa ba ita ce ma'aunin ƙarewar kujera ba. Yaro zai naɗe su, ko ya miƙe su sama ya jingina da kujerar mota, ko ya watsa su gefe, kuma ba ya jin ciwon da ke za ki ji. Kai ake dubawa. Ki zaunar da shi a 'yar kujerar da yake ciki, ki duba tsakanin tsakar kansa da bakin kujerar ta sama. In da sauran faɗin yatsu biyu, ko aƙalla santimita 2 da rabi, kuma bai wuce nauyi da tsawon da aka rubuta a jikinta ba, tana nan da sauran aiki. Yawancin irinta suna kaiwa kilo 13, amma yara kan fi su tsawo kafin su fi su nauyi. A santimita 80 ina kyautata zaton yana gab da ƙarewa. Ko ma mene ne, mai zuwa zai karɓe ta nan da wata huɗu, saye dai ba makawa. Amfanin wannan awon shi ne ki san ko kuna da 'yan makonnin tara kuɗi, ko kuwa abin na gaggawa ne.

In kin je saye, lamba ɗaya nake so ki nema kafin launi, kafin laushin katifa, kafin wurin ajiye kofi: iyakar kallon baya. Kwali zai ce daga haihuwa zuwa kilo 36, mai shago ya yi ta nanata miki. Ki juya kujerar ki karanta takardar da ke manne a gefenta ko ƙasanta. Da yawa daga masu wannan kirari kallon bayansu a kilo 13 yake tsayawa, wasu ma a kilo 10, wanda ɗanki ya riga ya wuce. Wadda kike nema ita ce wadda aka rubuta tana kallon baya har kilo 18, ko har santimita 105. Wannan za ta kai shi kusan shekara huɗu. Akwai kuma waɗanda aka rubuta kilo 9 zuwa 36. Gaba kawai suke kallo. Suna da maɗauri, sun fi cinya nesa ba kusa ba, amma ni ba ita zan zaɓa wa ɗan wata 16 ba matuƙar akwai hali.

Takardar nan ita ce shaidar an gwada kujerar. Ta Turai ruwan lemo ce, da harafin E a cikin da'ira, da lamba R129 ko R44/04. R44 tsohuwar ƙa'ida ce mai aiki da nauyi, kuma tun watan Satumba na 2024 Tarayyar Turai ta daina barin a sayar da sabbinta a shagunanta, saboda haka kada ki yi mamaki in kin gan su jibge a kasuwanninmu. Ba haramtattu ba ne, an gwada su, sai dai R129 ta ƙara da gwajin karo ta gefe. Ta Amurka kuma farar takarda ce da ke cewa ta cika ƙa'idar gwamnatin tarayyarsu, kuma da fam da inci suke rubutu. Ki raba fam da 2.2 ki samu kilo: fam 40 shi ne kilo 18, inci 40 kuma ya ɗan haura santimita 100. Kujerar da ba ta da ko ɗaya cikin takardun nan, ki ajiye musu abarsu komai kyanta. Haka ma 'yar katifar nan ta yadi mai igiyoyi da ake tallatawa a Facebook da Instagram, wadda ake ɗaurawa a jikin kujerar mota: ba ta da ƙashi, ba ta da komai, ado ce.

Sai batun gwanjo. Ba na cikin masu raina gwanjo, rabin abin da ke gidajenmu daga can yake. Amma riga in ta yage ana gani. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki, a ƙarƙashin yadi da soso, a goge ta ta fito fes. A ƙasashen da take fitowa, ƙa'ida ita ce in mota ta yi karo mai ƙarfi a jefar da kujerar, kuma ba ki da hanyar sanin ko wadda ke gabanki tana cikin waɗanda aka jefar. Mai dila ma bai sani ba. Ga shi kuma roba tana tsufa. Masu ƙera su kan ba su shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, ranar kuma tana nan a buge a jikin robar ko a takardar. Balle wadda ta sha ranar kwantena da ta bakin titi. In kuɗin sabuwa ya gagara, mafita ita ce ta hannu daga wanda kika sani: 'yar'uwa ko ƙawa da za ta iya ce miki wallahi ba ta taɓa haɗari da ita ba, takardarta na nan, wa'adinta bai cika ba, igiyoyinta ba su zare ba, makullinta na cewa ƙas in an danna. Yayar nan taki da ta aiko ta farko, ki fara tuntuɓarta. Kuma kada tsada ta ruɗe ki. Mai araha da ke da takardar gwaji, aka kafa ta daidai, ta fi mai tsadar da ke rawa a bayan mota. Mai juyawa kamar kujerar aski tana sauƙaƙa wa bayan mai ciki, gaskiya ne, amma jin daɗi ne kike biya, ba ƙarin tsaro ba.

Kada ku biya sai kun gwada ta a motarku. Ku je da motar har ƙofar shagon, ku je da yaron. Kun yi dace da mota, domin motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 2002 suna zuwa da ƙarafan maƙala kujerar yara, su suna ce musu LATCH, Turawan Turai na ce wa nasu ISOFIX. Ki cusa yatsunki a tsagar da ke tsakanin mazauni da majingini a kujerar baya, ta gefen dama ko hagu, za ki ji wasu 'yan ƙarafa biyu. In an yi wa motar rigar kujera, wataƙila mai ɗinki ya rufe su, sai an ɗan farke. A bayan matashin kai kuma, a kan allon da ke ƙarƙashin gilashin baya, akwai 'yan murafan roba. A ƙarƙashinsu ake maƙala igiyar da ke fitowa daga saman kujerar yaron ranar da aka juya ta gaba. Mutane da yawa ba su san da ita ba, alhali ita ke rage fizguwar kai. In kujerar da kuka samu da bel ake ɗaure ta, ba laifi, bel ɗin ma daidai yake da ƙarafan in an yi shi da kyau. A zura shi ta hanyar da aka nuna don kallon baya, wadda a kujerun Turai shuɗiya ce ko koriya. In kujerar ba ta da abin damƙe bel nata, a jawo bel ɗin motar gaba ɗaya har ƙarshe, a sake shi a hankali. Za ki ji yana ƙara ƙir-ƙir yana komawa, ya kulle ke nan. Maigida ya danna kujerar da nauyinsa yana jan ragowar. Sannan a kama ta daidai inda bel ya ratsa a girgiza: in ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu, a sake. Ɗaya ake amfani da shi, ko ƙarafa ko bel, sai in littafin kujerar ya ce a haɗa. Kuma tun da motocin da ake shigo mana da su wasu sun taɓa buguwa a can aka gyara, ku sa makaniki ya duba bel ɗin baya, a tabbatar yana cijewa in an fizge shi.

Za ta ci wuri, wannan ki sani. Wanda ke gaba zai ɗan matsa. A gefen kujerar akwai layi ko ɗan ma'auni da ke nuna kwanciyar da ta dace. Ɗan wata 16 ba ya buƙatar kwanciya irin ta jariri, ana iya ɗan miƙe ta iyakar abin da ma'aunin ya yarda, sai wuri ya samu. Abu ɗaya da babu sassauci a kansa: kujera mai kallon baya ba ta zuwa gaba inda jakar iska take, wato jakar nan da ke kumbura nan take in mota ta yi karo. Jakar in ta fashe, bayan kujerar za ta daka, daidai inda kan yaron yake. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC ma sun hana ɗan ƙasa da shekara 12 zama a gaba.

Ɗaurin yau da kullum shi ne inda iyaye mata ke sakaci, saboda tausayi. Yana kallon baya, igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan. Ranar da aka juya shi gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Ki ja har sai kin kasa tsunkule igiyar da yatsu biyu a kan ƙashin wuyansa. In ta tsunkulu, da saura. In kujerar tana da maƙalin ƙirji, ya tsaya daidai hammata, ba kan tumbi ba. Da hunturu a cire masa babbar rigar sanyi kafin a ɗaure, a lulluɓa ta daga sama, don auduga tana lotsewa a karo ta bar sarari. Da bazara kuwa, zafin Maris da Afrilu, ƙarfen makullin na iya ƙona cinyar yaro; ki riƙa yafa farin tawul a kan kujerar in kun faka, ki taɓa da hannunki kafin ki zaunar da shi. Kada a bar shi a mota shi kaɗai ko da na shiga-in-fito ne. Kuma tun da ba kya ganin fuskarsa in kina gaba, ban da gyaɗa, dabino ko alewa mai tauri ana cikin tafiya.

Yanzu mutanen gida. Maigida ba abokin gardama ba ne a nan. Mutumin da ya tsaya a wurin 'yan gwanjo yana taya kujera ya riga ya yarda yaro na buƙatarta, lissafin aljihu yake yi, kuma da gaskiyarsa, ga haihuwa tafe ga Sallah. To ki zo masa ta lissafin, ku biyu a ɗaki. Kujerar da nake faɗa miki za ta yi wa wannan kusan shekara uku, ta sauka kan ƙaninsa ko ƙanwarsa ta yi wasu shekarun, duk kafin wa'adinta ya cika. Busta kuwa ita ce mafi arha a duk jerin, ranar da lokacinta ya yi ba za ta gagare ku ba. In mai son lamba ne, ga ta: hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar yara na rage mutuwa a haɗarin ƙananan motoci da kashi 71 cikin ɗari ga jarirai, kashi 54 ga 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Karo a gudun kilomita 50, gudun cikin gari ke nan, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Shi ya san gudun da yake yi in ya wuce Zariya. Ki ba shi aikin kafa kujerar da karanta littafinta. Namiji in ya sha gumi a kan abu, shi zai fi ki tsare shi.

Hajiya kuma kada ki yi mata wa'azi. Hadisin ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah ta riga ki saninsa, in kika karanto mata shi a gaban ɗanta kin ɓata rawarki da tsalle. Abin da ta faɗa ma ba ƙarya ba ne, a cinya ta rene su kuma Allah ya raya. Sai dai hannun da ya fi kowane ƙarfi ba ya riƙe yaro a karo, in kuma aka haɗa babba da yaro a bel ɗaya, nauyin babban ne ke matse yaron. Wannan bayani ɗanta ne zai yi mata, ba ke ba, kuma tun kafin ranar tafiya. Ranar tafiyar, ki buɗe mata ƙofar gaba da kanki, ki ce Hajiya nan ya fi sarari ga ƙafafunki. An girmama ta, kuma gaba ba wurin riƙe yaro ba ne, magana ta ƙare ba tare da an yi ta ba. Ke ki zauna a baya kusa da shi. In ya yi rigima a tsaya a gefen hanya, a fito da shi ya sha iska, Hajiya ta ɗauke shi ta yi masa wasa iya son ranta, sannan a mayar da shi a ɗaure kafin a tayar da mota. Zai yi kuka ranar farko da sabuwar kujera, shi ya sa nake so ku fara sa shi a ciki a 'yan zirga-zirgar cikin gari tun mako biyu kafin Sallah.

In Sallah ta matso kuɗi bai haɗu ba, kuma awon kan nan ya nuna da sauran yatsu biyu, ku tafi da shi a tsohuwar kujerarsa, ta fi bustar gwanjo. In ta riga ta yi masa kaɗan, ku ari ta wani gida da kuka amince da shi. Ke ma ki ɗaura naki bel ɗin: na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin cikin, a kan ƙashin ƙugu, na sama ya ratsa tsakiyar ƙirji ya bi ta gefen cikin. Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ki lafiya. A gaishe da Hajiya.